Rauni daban, laifi daban

Akwai wata kalmar Turanci da ta samu wurin zama a bakinmu, kuma ina ganin tana yi mana ɓarnar da ba mu lura da ita ba. Kalmar ita ce "weakness". Za ka ji ta a hirar 'yan jami'a, a ofis, a shirye-shiryen rediyo da ake buɗe layi, a rubuce-rubucen Facebook, har ta kai ga zaman sulhu tsakanin miji da mata. "Saurin fushi shi ne weakness ɗinsa." "Ni weakness ɗina ba na iya riƙe kuɗi." "Mata ne weakness ɗin Alhaji." Tana da 'yan rakiya irin su "problem" da "issue", amma ita ta fi damuna, domin ita ake ɗora wa halin mutum.

Ba da aro nake rigima ba. Wanda zai yi faɗa da aro a Hausa sai ya fara zubar da abubuwa da yawa daga bakinsa. Mota da tebur da asibiti daga Turanci muka same su. Su kansu aibi da illa da nakasa, waɗanda zan kafa hujja da su, daga Larabci suka zo, suka zauna har suka hayayyafa, muka sami aibata da illata da nakasasshe. Kalmar da ta zo da abin da ba mu da sunansa, lale marhabin da ita. Abin da "weakness" ke yi daban ne. Ta tarar da kalmomi sama da goma kowace tana bakin aikinta, ta ture su gefe, ta ce ita kaɗai ta isa.

A duba yadda Bahaushe ya rarraba abin. In aka ce mutum yana da rauni, ƙarfinsa ne bai kai ba, kuma abin da kalmar ke nema daga mai sauraro shi ne tausayi da tallafi. Shi ya sa in an ce a ji ƙan masu rauni kowa ya san tsofaffi da yara da marasa lafiya ake nufi. In aka ce ya gaza, ko ya kasa, to akwai nauyin da ya ɗauka ko aka ɗora masa bai kai shi inda aka ce ba, mai yiwuwa ma ya yi bakin ƙoƙarinsa. Sakaci ba haka yake ba. Mai sakaci yana da ikon yi, ya yi sake. Ganganci ya fi sakaci muni, domin mai shi ya san haɗarin ya afka, wani lokaci har da rayukan mutane a hannunsa. Ha'inci ya fi su duka, tun da shi zama aka yi aka shirya shi. Can gefe kuma ga lahani da tawaya da nakasa, waɗanda suka fi shafar jiki ko kaya, babu zargi a cikinsu. Ga lago, wurin da in an taɓa mutum sai ya faɗi, abin da ɗan kokawa ke lalube a jikin abokin karawarsa. Ga ajizanci, wanda ya game kowa, shi ake nufi in an ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Ba kalmomin da suka mutu ba ne. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 zai tarar da irinsu, kuma duk tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana amfani da su daidai ba tare da ta yi tunani ba.

Kowace daga cikinsu tana tafe da hukuncinta. Ka ji "rauni", ka san taimako za a kai. Ka ji "sakaci", ka san faɗa za a yi. Ka ji "ha'inci", ka san sai an biya. Mai magana ba ya iya furta ɗaya ba tare da ya nuna inda ya tsaya ba, to wannan tsayuwar ce "weakness" ke sauke wa mutum. Yana iya ambaton abin ba tare da ya ce mai kyau ne ko mummuna, na tausayi ne ko na hukunci.

Ko a ginin jimla ana ganin haka. Kalmominmu galibi suna tafiya da aikatau, aikatau kuwa sai da mai aikatawa: ya gaza, ta kasa, sun ha'ince mu, ka yi sakaci. Ita baƙuwar ba ta da aikatau a Hausa. Sai dai a ce "yana da weakness", kamar yadda ake cewa yana da mura, wato abu ne da ya same shi, ba abin da ya aikata ba. Wannan "ɗin" da ake liƙa mata ma shaida ce cewa har yanzu ba ta zama 'yar gida ba, domin ba ma cewa "mota ɗina", motata muke cewa.

Ba daga sama ta faɗo ba. A 1977 manufar ilimi ta Najeriya ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, amma a makarantu da yawa, musamman masu zaman kansu, tara ake ci ko a yi bulala in an kama yaro yana Hausa. Saboda haka ranar farko da aka auna yaro a rubuce, da Turanci aka auna shi. Malami ya ɗauki jan biro ya rubuta "weak" a gaban lissafi. Yaron da ke gudun aji, da wanda ba ya ganin allo saboda ciwon ido, da wanda yunwa ta hana shi fahimta, duk kalma ɗaya aka ba su. Da ya girma ya je intabiyu neman aiki, aka tambaye shi nasa "weakness", kuma tun kafin ya je an koya masa dabarar amsawa: kada ka faɗi aibinka na gaskiya, ka nemo wani halin kirki ka sa masa rigar aibi, ka ce kana cika son aiki ya fita tsaf. Daga nan sai tarukan bita na ma'aikatu da ƙungiyoyi, inda ake raba allo gida huɗu a yi abin da suke kira SWOT, wato auna ƙarfi da rauni da dama da barazana, a cika gida na biyu, na "weaknesses", da abubuwan da ba su ɓata wa kowa rai. Wanda ya bi ta waɗannan matakai, kalmar tana isowa gidansa ne a matsayin abu mara cizo, har ma abin da ake iya ƙawata kai da shi. Shi Turancin kansa yana da kalmomi masu kaifi na laifi da cin amana da zalunci. Ba su muka ɗauko ba. Mafi laushin cikinsu muka zaɓa, kuma ban yarda cewa haka kawai abin ya faru ba.

Na ga inda wannan ke kaiwa a wani zaman sulhu. Yarinya ta yi yaji, ba karon farko ba, ta iso gida ido ɗaya a kumbure. Yayan mijin, ma'aikaci mai natsuwa da ladabi, ya zo biko tare da wani kawunsu. Bayan an gaisa an yi shiru, ya gyara durƙuso ya ce, "Baba, a yi haƙuri. Wallahi yana sonta. Kowa da weakness ɗinsa, shi nasa zuciya ce." Tsohon bai yi boko ba. Ya ce, "Yana da me?" Yayan ya yi jim yana neman Hausar, can ya ce, "Wato rauni, Baba." Tsohon ya juya ya dubi 'yarsa da ke raɓe a bakin ƙofa, ya ce, "To ai ga mai rauni can, ɗana. Shi ƙaninka duka ya yi. Ka gaya masa in yana son matarsa ya zo da ƙafarsa, ya faɗa da bakinsa cewa ya doke ta. Sannan mu yi magana."

Wannan yayan ba maƙaryaci ba ne, kuma bai zo da niyyar yaudara ba. Kalmar ce ta zo masa a sauƙaƙe, ta yi aikinta ba tare da ya sani ba: ta ɗauke tausayi daga kan wadda aka doka ta mayar da shi kan wanda ya yi dukan. Da tsohon ya san Turanci, ina kyautata zaton da ya gyaɗa kai an wuce wurin. Rashin sanin kalmar ne ya tilasta a fassara ta, fassarar kuma ta tona abin da ke ƙasa.

A binciken aure abin ya fi haɗari, domin a nan ba gyaran ɓarna ake yi ba, hana ta ake son yi. Uba ya aiki ɗansa ko ƙaninsa ya je ya tambayi abokan manemi, a dawo masa da, "Yaron kirki ne, sai dai yana da ɗan weakness." Me aka faɗa masa? Wannan jimla tana iya nufin yaron ba ya tashi da wuri, tana iya nufin ba ya iya cewa a'a in an roƙe shi, tana kuma iya nufin kodin da tiramol. Tambayar uban ba ta banza ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a farkon 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda, kuma a watan Mayun 2018 sai da gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Uban da ke tambaya a irin wannan zamani yana da haƙƙin a amsa masa da sunan abin.

Masu ganin cewa sakaya magana a nan shi ne tsoron Allah, su tuna hadisin Fatima 'yar Ƙais da ke cikin Sahihu Muslim. Ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce Mu'awiya da Abu Jahm sun nemi aurenta. Ya ce mata Mu'awiya talaka ne ba shi da dukiya, Abu Jahm kuwa ba ya sauke sandarsa daga kafaɗarsa, a wata ruwayar ma aka fito fili cewa mai yawan dukan mata ne. Sannan ya nuna mata Usama ɗan Zaid. Abin lura, bai haɗa su biyun a kalma ɗaya ba. Na ɗaya rashi ne, na ɗaya hali ne, kowanne ya kira shi da sunansa don ta san abin da za ta shiga. Imam Nawawi ya lissafa irin wannan nasiha cikin wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba.

A kasuwa ma haka. "Alhaji, wayar lafiya lau take, tana dai da ɗan issue, ba wani abu ba ne." Wannan ba bayani ba ne, ba kuma ɓoyewa ba ce gaba ɗaya, kuma amfaninta ga mai sayarwa ke nan. Gobe in ka dawo da ita zai ce, "Ai na faɗa maka." Bayani shi ne a ce batirinta ba ya kai azahar, an taɓa canja mata gilashi, ta taɓa faɗawa ruwa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san cewa mai saye in ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayar da kaya, kuma mun san labarin tsibin hatsin da Manzon Allah ya cusa hannu a ciki ya ji danshi, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani. Ko dabbar layya, aibobin da ke hana ta an zayyana su ɗaya bayan ɗaya: mai ido ɗaya, mara lafiya, gurguwa, da ramammiyar da ba ta da ɓargo. Al'ummar da ta gaji wannan tsantseni wajen bayyana aibin rago bai kamata ta koma dunƙule aibin wanda za a ba 'yarta ba.

Sai dai akwai inda nake jin nauyin hujjar masu kare kalmar, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba. Mu mutane ne masu kunya da kara. Akwai abubuwan da bakin Bahaushe ba ya iya furtawa da Hausa a gaban wani, kuma wasu kalmominmu suna da dafin da ke bin mutum har kabari. Saurayin da caca ta intanet ta cinye masa jari, ko budurwar da ta faɗa shan ƙwaya, in suka ce wa yayansu ko likita "ina da wani weakness", wataƙila wannan ce kaɗai ƙofar da za su iya buɗewa. Da a ce sai sun ce "ni ɗan caca ne" ko "ni 'yar ƙwaya ce", da sun gwammace su yi shiru har abin ya halaka su. A irin wannan wuri baƙuwar kalma tana zama inuwa, domin ba ta ɗauke da muryar iyaye da gorin tsara. Wanda ya fara magana da ita bai kamata a katse shi da gyaran harshe ba. A bar shi ya shigo, a saurare shi, sunan abin zai zo daga baya in ya sami natsuwa.

Amma ko a nan ba gaskiya ba ne cewa Hausa ba ta da laushi. Muna cewa mutum yana da lalura, muna cewa an jarrabe shi, muna cewa sai addu'a. Da mutane suka ga yadda ake mayar da sunayen nakasa abin zagi, ai cikin Hausa aka nemi mafita, aka koma cewa masu buƙata ta musamman. Bambancin shi ne sakayawar Hausa kowa ya san nauyinta. In dattijo ya ce maka, "Yaron nan dai sai addu'a," ka fahimci saƙon sarai, ka kuma san ya rufa asiri. "Ɗan weakness" ba ta gaya maka girman abin ko kaɗan.

Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne a tambayi wa laushin ke yi wa amfani. In mai neman taimako ne yake lallaɓa bakinsa don ya iya magana, alheri ne. In kuwa akwai wani na uku da haƙƙinsa ke rataye, matar da ake duka, yarinyar da za a aurar, mai sayen da zai biya, to laushin ya zama zalunci a kansa. Rufin asirin da addini ya kwaɗaitar da mu a kai na abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, bai haɗa da barin wani ya faɗa cikin cuta ba.

Wani abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake raba kalmomin tsakanin mutane. A saurara da kyau. Mai kuɗi in yana bin matan mutane, "weakness" ne. Ɗan acaba in ya yi haka, iskanci ne. Ɗan gidan manya in yana shaye-shaye yana da "issues", ɗan talaka kuwa ɗan ƙwaya ne kai tsaye. Turanci na wanda muke jin nauyi, Hausa ta wanda muka raina. Haka muke yi tsakaninmu da kanmu ma. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, to yanzu ko mun ga namu sai mu sauya masa suna. Mutum ya ci bashi ya ƙi biya, ya yi alkawari ya saɓa, in an yi magana ya ce, "Ka san weakness ɗina ke nan." Ya faɗa, ya huta, kuma ba ya jin akwai abin da ya rage a kansa. Da Hausa zai ce "na ci amanarka", da jimlar da kanta ta nemi ya biyo ta da neman gafara da ranar biya. Yaran da ke jin mu kuwa suna koyon darasi biyu a lokaci guda: cewa Hausa harshen zagi ce, kuma cewa akwai mutanen da ba sa laifi sai dai su sami rauni.

Inda abin ya zama na kowa da kowa shi ne bakin masu mulki. Jami'i zai zo gidan rediyo a tambaye shi da Hausa me ya sa asibitin da aka ware wa kuɗi ba shi da magani, ko ajin da aka ce an gyara rufinsa ke zuba, sai ya ce, "Eh to, akwai 'yan lapses, akwai weaknesses a system ɗin." Ba a ambaci kowa ba, ba wanda ya yi komai, abin ya faru ne kawai. Har kalmar "ƙalubale" ta kamu da wannan ciwo, ta zama bargon da ake lulluɓa wa sata da sakaci da gazawa gaba ɗaya. Aikin jarida da Hausa ba jiya ya fara ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya tun 1939, sashen Hausa na BBC ya fara tun 1957, kuma babban abin da wannan gado ya koya wa masu fassara shi ne dole ka zaɓi kalma, domin mai sauraronka na ƙauye ba zai karɓi dunƙule ba. Mai gabatar da shirin da ya bar "lapses" ta wuce ya bar mafi yawan masu sauraronsa a waje, su ne kuma masu kai 'ya'yansu wannan asibitin.

Abin da nake so in ji daga ɗan jarida a irin wannan lokaci ba shi da wuya, kuma babu rashin ladabi a cikinsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka wa masu sauraro da Hausa. Kuɗin ne ba su fito ba, ko sun fito aikin ya gagara, ko sun fito an yi sake da su, ko sun fito an ci?" In ba su fito ba, ma'aikatar kuɗi za a tambaya. In aikin ya gagara, a nemi ɗan kwangila da wanda ya ba shi. In sake aka yi, akwai jami'in da ya kamata ya duba bai duba ba. In kuwa an ci, magana ta bar gidan rediyo ta koma hannun hukumomin yaƙi da cin hanci, EFCC ko ICPC, da kotu.